Kurun da Na Kusa Kashewa da Kwanon Dusa

Ba da ƙafarsa ya shigo ba. Mu shida muka sauke shi daga bayan wata tsohuwar a-kori-kura, a kan tamfol, kowa ya riƙe gefe ana ta cewa a yi a hankali. Kuru ne ja, wato ɗan gajeren doki, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, amma kansa ya yi wa jikin girma saboda rama. Haƙarƙarinsa kana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Ƙasusuwan kuturinsa sun yi tsini kamar a rataya riga. A gadon bayansa, daidai inda sirdi yake zama, akwai miki faɗin tafin hannuna, an lafta masa baƙin man inji, ƙudaje na bi. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya ce, "Wannan da sauran kwanansa, in dai ba ku kashe shi da tausayi ba." Na yi murmushi, na ɗauka zancen tsofaffi ne. Sati na uku ke nan da fara aiki a gidan ceton dawakin.

Ni mutumin ƙasar Daura ne, acaɓa ta kawo ni Legas. Tsakanin Obalende da Ikoyi nake yi, har ranar 1 ga Yunin 2022 da dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa inda abincina yake. Na sayar da babur da asara. Na yi dako a Mile 12, na yi gadi a Ajah, har damunar 2024 da na haɗu da Baba a masallacin Juma'a. Bakatsine ne, ya kai shekara saba'in, kuma fiye da rabinsu a bargar 'yan folo (wasan ƙwallon dawaki) na Ikoyi ya yi su, kulob ɗin da tarihinsa ya faro tun 1904. Har yau Ikko yake ce wa garin nan. Ya tambaye ni ko ina tsoron doki. Na ce haba Baba, ai kakana yana da ingarma, duk hawan sallah ni nake riƙe masa linzami. Ya ce, "To, madalla. Ka zo ranar Asabar, ka taho da takalmin roba." Ban gane abin da takalmin roba zai yi a wajen hawan doki ba sai da na je.

Gidan yana can bayan Ajah, ta hanyar Epe. Fili ne da aka kewaye da bulo, da rumfunan kwano guda biyu, da ɗan ɗakin magani, da sito. Wata mata ce ta kafa shi, Madam muke ce mata, kuma da gudummawar jama'a yake tafiya. Ranar da na fara akwai dawaki goma sha ɗaya, kuru huɗu, da jakai biyu da ban san yadda aka yi suka shiga lissafi ba. Yawancinsu daga bakin teku aka kawo su, irin waɗanda ake ɗora 'yan yawon shaƙatawa a ɗauki hoto. Wasu kuma a titunan Lekki aka tsince su suna kiwo a bola, mota ta buge wannan, waya ta yanke wancan. Akwai tsofaffin dawakin wasa guda biyu da suka bi hannu-hannu har suka ƙare a wulaƙance. Mutum zai yi mamakin yawan dawakin da ke Legas. Amma ai garin ya daɗe da su: Dandalin Tafawa Ɓalewa da muke wucewa kullum a da filin sukuwa ne, shi ya sa gumakan fararen dawakin nan suke tsaye a saman ƙofarsa.

Ban hau doki ba a watan farko, ban hau ba a na biyu. Aikin gidan nan kashi ne da ruwa da ido.

Da an sallame Asuba ake fita, kuma ba da abinci ake farawa ba. Baba yakan bi ɗaki-ɗaki hannu a baya, ni ina biye da littafi. Wa ya tarbe mu da haniniya, wa ya juya mana baya? Wa ya rage harawar jiya? Bokitin wa ya ragu, na wa yana nan yadda aka bar shi? Lafiyayyen doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, a zafin Legas ma yakan wuce, saboda haka bokitin da ba a taɓa ba labari ne. Sannan a ƙirga kashi. Doki yakan yi sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana guda, kuma Baba ba ya barin a kwashe sai ya gani. Yakan sa ƙafa ya murje guda, ya duba laushinsa da warinsa, ko da tsutsa, ko da hatsin da ya fito bai narke ba. Ranar farko na kau da kai. Ya ce, "Yaro, doki ba ya magana da baki. Ga wasiƙarsa nan a ƙasa, in za ka karanta."

Bayan nan sai shebur da baro. A kwashe jiƙaƙƙen garin katako, a zuba sabo, a wanke komaye, a wanke bokitai. Ruwan rijiyar burtsatse a yankinmu ja-ja ne mai ɗan gishiri, sai an tace shi, in janareta ya ƙi tashi kuma sai a sayi na tanka. Sai a raba abinci, kowa da ma'auninsa a rubuce a allo jikin ƙofarsa. Sai shara da buroshi, ana yi ana laluben kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Sai kofato, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga a ƙwaƙule da ƙugiyar ƙarfe. Wannan shi ne abin da damunar Legas ta fi cutarwa. A gida ƙasa busasshiya ce, kofato yakan yi tauri kamar dutse. A nan daga Yuni zuwa Yuli ƙasa ba ta bushewa, tsokar nan mai siffar kibiya da ke tsakiyar kofato sai ta fara ruɓewa, ta yi baƙi, ta yi wani wari da in ya kama hannunka ko ka yi alwala sau uku yana nan. Kafin a gama duk wannan, rana ta take. Da la'asar a fitar da masu ƙarfi kilisa, a ja raunana da ragama su ɗan taka. Kafin magariba kowa ya shiga ɗaki.

To, a koma kan Kuru, don sunan da ya bi shi ke nan.

Likita ta iso bayan awa guda. Bayarabiya ce, amma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karanta likitancin dabbobi, Hausarta har da karin Zazzaganci. Ta tsunkuli fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya cak kamar an naɗe takarda, alamar jikin ya bushe. Ta danna dasashi da yatsa ta ƙirga daƙiƙun da jini ya ɗauka kafin ya dawo. Ta sa ma'aunin zafi a duburarsa, ta ce mini in riƙe a kaina: daga 37.5 zuwa 38.5 shi ne lafiya. Ta kama yatsuna ta ɗora a ƙarƙashin muƙamuƙinsa har na ji jijiyar tana harbawa, ta ce bugu 28 zuwa 44 a minti guda in doki yana hutawa, numfashi kuma 8 zuwa 16. Ta buɗe bakinsa ta duba haƙora ta ce ya haura shekara goma sha biyar. Akwai ma'aunin ƙiba da suke amfani da shi, daga 1 zuwa 9, inda 5 ne daidai. Shi tsakanin 1 da 2 ta rubuta masa. Da aka yi masa ƙarin ruwa, muka zura majayi biyu ta ƙarƙashin cikinsa muka ɗaga shi ya tsaya yana karkarwa, sai ta zagaya ƙirjinsa da tef ta ce kilo 185, tsayi santimita 130.

A nan ne ma na ji cewa Turawa da tafin hannu suke auna tsayin doki, tafi guda inci 4, kuma duk wanda bai wuce tafi 14 da inci 2 ba, wato wajen santimita 148, kuru ne a wurinsu. Baba ya ce in haka ne ashe wasu hakiman ma kuru suke hawa ranar sallah, ya yi tsaki ya fita.

Abu ɗaya da ta yi wanda ba zan manta ba: ta ɗebi kashinsa guda uku ta sa a doguwar safar hannu ta leda, ta cika da ruwa, ta murje, ta rataye a ƙusa. Bayan minti goma ta kira ni. A ƙarshen kowane yatsa na safar yashi ya kwanta, fari tas, yashin bakin teku. Dokin da ake zuba wa abinci a kan rairayi, ko yunwa ta sa shi lasar ƙasa, haka yashi yake taruwa a hanjinsa har wata rana ya toshe. A cikin kashin har da guntun baƙar leda.

Aka kai shi ɗakin keɓewa da ke can ƙarshen fili, inda kowane baƙo yake yin sati uku kafin ya haɗu da sauran, da bokitinsa da buroshinsa da sheburinsa daban. Aka ɗebi jini don a duba sammore da cutar da kaska ke sa wa. Aka yi masa allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora saboda mikin. Sannan Likita ta rubuta a allo: harawa zalla, kwatan kilo, duk bayan awa huɗu, dare da rana. Ruwa kada ya yanke. Ba dusa, ba dawa, ba gero. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kwatan kilo na harawa, in ba ka taɓa aunawa ba, abin da hannu biyu za su damƙa ne. Akuyar gidanmu ta fi cin haka kafin hantsi. Kuru yakan share shi cikin minti biyar, ya lashe komi, ya koma gurgurar katakon ƙofa. In na wuce sai ya bi ni da ido yana wani ɗan gurnani a maƙogwaro. Kwana uku ina kallon wannan, zuciyata tana ce mini wannan ai ba ceto ba ne, an dai sauya masa wurin jin yunwa ne. Kuma ina ganin na san doki. A gidan kakana dokin da ya rame dusa ake dama masa da ruwan kanwa, a ƙara da dawa, cikin wata guda ya murje.

Daren kwana na huɗu ni ne da kwanan barga. Wajen ƙarfe goma na buɗe sito, na cika kwanon sha da dusar alkama ta manyan dawaki, na watsa dawa tafi biyu, na dama da ruwan kanwa na kai masa. Yadda ya kafa kai a kwanon nan har hawaye sai da ya zo mini, na ji na yi aikin lada. Ƙarfe biyu na dare na ƙara masa wani. Na wanke kwano na kife, na kwanta a benci da farin ciki.

Bugun ƙafa ne ya tashe ni kafin kiran assalatu. Na haska tocila na same shi jiƙe sharkaf da gumi, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa kamar wani abu ya cije shi. Ya durƙusa, ya kwanta, ya yi birgima, ya yunƙura ya tashi, ya sake zubewa. Cikin ya kumbura ya yi tauri. Na duba ɗakin, babu kashi ko ɗaya tun na daren. Na ɗora yatsu a muƙamuƙi yadda aka koya mini, na ƙirga 64. Na sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Gwiwoyina suka yi sanyi.

Baba ya zo da carbinsa a hannu. Ya kara kunne a kwiɓin dama, ya zagaya ya kara a na hagu. Cikin lafiyayyen doki ba ya shiru, kullum yana ƙugi. Wannan tsit. Ya ce in sa masa ragama in tashe shi in riƙa jan sa a hankali, kada in bari ya yi ta birgima ya ji wa kansa ciwo. Shi kuma ya buga wa Likita waya. Ina cikin zagayen na hango shi ya shiga sito, ya fito, ya ɗaga kwanon da na kife ya shinshina, ya mayar. Bai ce mini uffan ba.

Da Likita ta iso, tambayarta ta farko ita ce me ya ci. Na ce harawa. Ta sake tambaya. Baba ya dube ni ya ce, "Faɗa mata, ɗana. Ba gaban alƙali kake ba, magani za ta zaɓa." Na faɗa, har da na ƙarfe biyu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta ce in riƙe kansa, ta zura wani dogon tiyo ta hancinsa har cikin tumbi. Iska mai tsami ta fito, sai ruwan dusata ya biyo baya cikin bokiti. Tana yi tana yi mini bayani kamar mai koyar da ɗan firamare. Tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girmansa, kuma doki ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan, in ya yi yawa tumbin yana iya fashewa. Ga kuma hanji da yashi ya riga ya cushe. Wannan ma ƙaramar matsalar ce, in ji ta. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya cinye kitsensa, ya koma cin tsokarsa, gishirin da ke riƙe da zuciya duk sun ƙare. In hatsi ya shiga kwatsam, sukari ya hau jini, jiki sai ya kwashe ɗan abin da ya rage na fosfaras da fotasiyam da magniziyam daga jinin ya tura cikin tsoka, zuciya da huhu su rasa abin aiki. Dokin da aka ga ya fara farfaɗowa sai a wayi gari ya mutu, galibi cikin kwanakin farko na fara ba shi abinci. Shi ya sa ake farawa da harawa kaɗan-kaɗan, a riƙa ƙarawa har wajen kwana goma kafin a sake masa, hatsi kuwa sai an yi makonni. Ta ce, "Mutane ma haka ne, Malam. Yaron da tamowa ta kama ba a tarbarsa da tuwo."

Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Ta ɗura masa ruwa da man farafin ta tiyon, ta sake rataya ƙarin ruwa, ta ce kada ya ga ko tsinke sai ya yi kashi. Sannan ta ce sauran ƙafafu. Dokin da ya ɓarke da hatsi, gubar da ke fita daga hanji takan sauka a kofato, naman da ke riƙe da ƙashi a ciki ya kumbura, doki ya gurgunce, wani har abada. Maganin kawai a sanyaya ƙafar tun kafin abin ya fara. Na hau keke-napep na je wurin matan da ke sayar wa masu fiya-wata ƙanƙara, na cika buhu biyu. Baba ya yanka tsohon tub na mota gida huɗu, muka ɗaure ƙasan kowanne, muka zura masa kamar safa, muna cikawa da ƙanƙara da ruwa. In ta narke a ƙara. Kwana biyu muna wannan, ni ne dare ni ne rana, kuma babu wanda ya ce in je in huta. Ban nema ba.

Kashin ya zo ne bayan la'asar ta ranar farko, baƙi, mai maiƙo, da yashi a ciki har yana ƙara a bakin shebur. Ban taɓa zaton zan yi wa kashin doki kabbara ba. Na ɗauka a shebur na ruga na kai wa Baba yana alwala. Ya leƙa ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai da shi can, kana ɗiga mini a buta."

Madam ta so ta sallame ni, kuma da ta yi ba zan ce ta zalunce ni ba. Baba ne ya tsaya mini. Abin da ya ce mata, wai wanda ya riga ya yi wannan kuskuren ya fi wanda bai yi ba tukuna arha. Aka mayar da Kuru kwatan kilo, aka sake ƙirga kwana daga ɗaya, aka kuma ce ni zan riƙa aunawa.

Mikin bayan ya fi komai cin lokaci. Sai da muka yi kwana uku muna wanke baƙin man nan da ruwan ɗumi da sabulu kafin mu ga naman. Mutanenmu suna shafa shi ne don korar ƙuda, amma yana ƙona nama ya hana miki haɗewa. Safe da yamma ake wankewa da ruwan gishiri, cokalin shayi biyu a lita guda na dafaffen ruwa, a aske gashin gefe, a shafa magani, a rufe da yadi mai shara-shara don kada ƙuda ya yi ƙwai. Da farko in na doso da bokiti sai ya kwantar da kunne ya juyo da ƙafar baya. A sati na uku ya daina. Naman ya riƙa tahowa daga gefe, ja-ja, kullum faɗin ƙwayar shinkafa. Na riƙa gwadawa da murfin gwangwanin madara, har ranar da murfin ya rufe mikin duka.

Maganin tsutsa ma ba a ba shi nan take ba, sai da ya yi ƙarfi, kuma sai da Likita ta duba kashi a madubin asibiti. In tsutsa ta yi yawa aka kashe ta gaba ɗaya a jikin da ba ƙarfi, gawarta kaɗai tana iya toshe hanji. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe kamar takalmin da aka take baya. Baba ya riƙa rage su da wuƙa da magagari kaɗan-kaɗan, ya ce ƙafar da ta shekara a karkace ba a miƙe ta rana ɗaya. Lafiyayyu duk sati shida zuwa takwas ake yi musu.

Dalilin shigar da su ɗaki kafin magariba kuwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ba su kai sauro ba, masu cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Su ne suke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda take kumbura kai, ta cika huhu da ruwa, ta kashe yawancin dawakin da ta kama. Legas da fadama da kududdufai gidansu ce. Muna da raga mai ƙananan ido a tagogi, muna kunna fanka in akwai wuta, Baba kuma ba ya fasa turara hayaƙin ganyen darbejiya ko Likita ta yi dariya.

Abin da ke hana Madam barci ba cuta ba ne, harawa ce. Doki yana buƙatar ciyawa wajen kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa kullum, ka lissafa da baki goma sha takwas. Harawar wake da ta gyaɗa duk daga Arewa tirela take kawo su, mu kuma mu je Kara ta wajen gadar Berger ko Agege mu saya. Da Babbar Sallah ta matso, raguna suka cika gari, kuɗinta sai ya yi tashin gwauron zabo. Ni ake turawa ciniki yanzu, saboda in Madam ta je da kanta farashin Turanci ake ba ta. Dole kuma a kwance kowane dami a shinshina, don laimar garin nan tana sa ta fumfuna, harawa mai fumfuna kuwa guba ce. Dusar alkama ce kawai ba mu wahala a kanta, tunda injinan fulawa suna Apapa.

A wata na huɗu mai Kuru ya zo. Na daɗe ina tanadin maganar da zan gaya wa mutumin nan in na gan shi. Sai ga wani dattijo Basakkwace, siriri, da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ya yi sallama, ya gaida Baba har ƙasa. Ya ce dawaki uku gare shi a da, yana samun na cefane ranakun Asabar da Lahadi, watan Disamba kuma har ya aika gida. Da damuna ba mai zuwa bakin ruwa, doki kuwa ba ya azumi. Da aka fara aikin babban titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba a 2024, wurin da yake tsayawa yana cikin waɗanda aka tasa. Inda ya koma kuɗin shiga ya fi abin da yake samu. Ya sayar da biyu ya ci da iyali, wannan ba wanda ya taya. Sirdin ma aro ne, ya yi wa kurun faɗi, shi ya ci masa baya. Ya ce, "Wallahi Baba, ranar da na ci garin kwaki shi ma shi na jiƙa masa."

Ya tsaya a bakin ƙofa, Kuru ya taho ya sa hanci a aljihunsa. Duk maganar da na tanada ta bi ruwa. Ni da na san yadda ake kwana da sana'a a tashi babu ita, kuma ni da na kusa kashe dabbar nan cikin dare ɗaya da sito cike da abinci, me zan ce wa wanda ya riƙe ta da rai wata da watanni da hannu wofi?

So yake a mayar masa da shi kafin Disamba. Madam ta ce a'a, ya riga ya dangwala hannu a takarda, gadon bayan kurun kuma ba zai sake ɗaukar sirdi ba. Ni ne tafinta, kuma na sha wuya wajen sassauta kalmomin kowane ɓangare. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To, mai doki ya koma kuturi." Baba ya ja shi gefe suka daɗe. Abin da aka tsayar, zai riƙa yanko mana ɗanyar ciyawa sau uku a sati ana biyansa, kuma shi zai riƙa yi mana jagora in mun fita zagayen bakin teku na wata-wata, inda muke yanke kofato kyauta, mu ba da maganin tsutsa, mu raba soson katifa da aka huda tsakiyarsa don a sa a ƙarƙashin sirdi. A da in masu dawaki suka hango motarmu watsewa suke yi, sun ɗauka ƙwace muka zo yi. Da shi a gaba, fitar farko dawaki tara aka kawo mana, bakwai da miki a baya.

Jiya da safe na zagaya ƙirjin Kuru da tef, kilo 238. Likita ta ba shi 4, ta ce sati mai zuwa za ta goge masa haƙoran ciki da magagari, don sun yi kaifi suna yankar kumatu, shi ya sa yake zubar da harawa dunƙule-dunƙule. Inda mikin yake gashi ya fito, amma fari fat, faɗin tafin hannu a tsakiyar jan baya, kuma Baba ya ce haka zai zauna. Yanzu yana samun dusa rabin gwangwani safe da yamma, ni nake damawa. Makullin sito dai har yau yana aljihun Baba.